Ranar da Na Kifa wa Idon Hukuma Tukunya

Jama'a, ku zama shaida. Yau da safe ni Bilya, da furfurata da komai, a bencin mai shayi na karya kumallo, kafaɗa da kafaɗa da 'yan acaɓa da gwauraye. Ya'u mai shayi yana shiƙa ruwan zafi yana leƙena ta wutsiyar ido, har dai ya kasa daurewa ya tambaye ni ko gida lafiya, wai shi a saninsa magidanci ba ya zuwa teburinsa sai in an yi haihuwa ko an yi yaji. Na ce masa ya zuba mini shayina ya bar leƙen gidan mutane, wannan aikin hukuma ta riga ta ɗauki mai yi.

Bari in warware muku. A bayan gidana nan Sabon Gari akwai wani fili da muke ɗaure awaki a da. Sai manyanmu, Allah ya ƙara musu lafiyar cin abinci, suka tayar da bene a wurin suka raɗa masa suna Gidan Sauƙaƙa wa Talaka. Gabansa gilashi ne tun daga ƙasa har sama, yana fuskantar titi da gidan man da ke tsallake. Mu kuwa bayansa ya ba mu, bango santal babu ko taga. Wannan bai dame mu ba, mun saba da ganin ƙeyarsu.

Ranar buɗewa Mai Girma Sarkin Yankan Ƙyalle da kansa ya zo da almakashinsa, ya yi jawabi har lasifika ta gaji. Ya ce wannan gini ba irin wanda muka saba gani ba ne, gini ne mai tunani da kansa. A kan rufinsa an dasa wata kyamara mai kama da ƙwaryar gilashi, ba ta da aiki sai kallon sama. In ta ga rana ta ƙwalle sai ta gaya wa kwamfuta, kwamfuta ta sauke labulayen tagogi ta kashe fitilu. In ta ga girgije ya rufe rana ko duhu ya shigo, sai a ɗage labule a kunna wuta. Duk babu hannun mutum.

Na tafa har tafin hannuna ya yi zafi. Tun ina saurayi nake mamakin abin da ke hana manyanmu aiki, ashe ba mugunta ba ce, bayin Allah ba su san gari ya waye ba ne. Yanzu an sayo musu mai gaya musu daga ƙasar waje. Rijiyar burtsatsen da aka yi wa unguwarmu alkawari tun ɗana Lukman yana rarrafe, ga shi yau yana aske gemu, ita ma na tabbata abin da ya tsayar da ita ke nan: ba a sami na'urar da za ta shaida musu muna jin ƙishirwa ba.

To, ni tafi na yi na dawo gida. Mai ɗakina Juwairiyya ita ce ta ɗaga kai daga bakin murhu ta hangi abin yana ƙyalli a kan rufi, ta tambaye ni mene ne wancan. Na ce kyamara ce. Ta ajiye muciya ta shige ɗaki.

Wanda bai tashi a irin unguwarmu ba zai ce ta cika tsirfa. Mu a nan, namiji ba ya hawa sama haka kawai. Ko rufin gidanka ne ke yoyo, kafin ka taka tsani sai ka ɗaga murya ka yi wa maƙwabta sallama, ka ce za a hau sama, don matan da ke tsakar gida da ɗaurin ƙirji su kintsa ko su shiga ɗaki. Mai gyaran kwano yana yi, mai saran reshen darbejiya yana yi, har masu gyaran wayar wuta, da ba su cika kunya ba, in an tsare su da ido suna yi. Kuma duk wanda ya hau, in ya gama yana saukowa. Tsakar gida ita ce duniyar mace: nan take girki, nan take wanki, nan take shan iska in zafi ya matsa. Amma ga wani ido ya hau ba sallama, ya zauna, ba ya ƙiftawa, ba shi da niyyar sauka.

Da farko ta gwada girki da hijabi har ƙasa. Ku dubi zafin Wudil, ku dubi murhun itace, ku dubi tuƙin tuwo. Ranar da bakin hijabin ya lashi wuta, da ƙyar muka kashe da ruwan buta, ta ce ta gama. Ba ta ƙara hura wuta a gidan nan ba. Jiya kuma ta ɗaure kayanta ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce ranar Juma'a, wato gobe ke nan, yayanta zai shigo kasuwa daga Utai, in ya tashi komawa ƙafarta ƙafarsa. Ba faɗa muka yi ba. Ta ce ba za ta zauna a gidan da sai ta yi shirin unguwa kafin ta je ɗiban ruwa a randa ba, in an cire idon in aika mata.

Ban ga laifinta ba, kuma ban ɓoye ba. Sutura ba abin wasa ba ce. Wanda ya raina suturar gidan talaka, gobe zai raina ransa. Amma kuma matar da muka tsufa tare ba za ta bar mini gida saboda ƙwaryar gilashi ba. Don haka daga bencin Ya'u ban zame ko'ina ba sai Gidan Sauƙaƙa wa Talaka.

Ciki sanyi kamar randa. Na ce ina son ganin Mai Girma. Aka ce yana taro, babban taro, a kan walwalar jama'a, ko ƙuda ba a yarda ya shiga ba. Aka miƙa ni ga Mai Girma Na-Kusa-da-Mai-Girma, wani mai ƙaton agogo da ke cin gyaɗa. Muka gaisa, na tambayi iyali, na tambayi aiki, na tambayi gajiya, ko da yake ban ga alamarta a jikinsa ba. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ya yi dariya har gyaɗa ta sarƙe shi, ya ce ai wannan ba mutum ba ne, na'ura ce.

Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da na'urar ta gani, wa take kai wa?"

Ya ce kwamfuta. Na ce ita kwamfutar wa ke dubawa. Ya ce masana. Na ce masanan maza ne ko mata. Ya daina tauna. Ya ce wannan tambaya ce mai muhimmanci, kuma ba a ofishinsa take ba. Na tambaye shi ko shi ya taɓa ganin abin da idon ke gani, ya ce shi aikinsa bai kai rufi ba. Muna cikin haka wani ɗan girgije ya gifta, labulen bayansa ya yi ƙara ya fara naɗewa sama, bawan Allah ya zabura ya dafe hula. Ashe su ma tsoron abin suke ji. Ya ce in dawo bayan an gama taro. Na ce yaushe. Ya ce walwalar jama'a ba a yi mata gaggawa.

Na fito na tarar da maƙwabcina Haladu mai tukwane yana jera kayansa a rana. Haladu mutum ne da ba a kai masa matsala ya rasa tukunyar da ta dace da ita. Ya saurare ni, ya ɗaga kai ya auna abin da ido, ya shiga cikin kaya ya fito da wata 'yar tukunyar miya mai faɗin baki, ya ce wannan kamar don shi aka gina ta. A bayan benen akwai tsanin ƙarfe da ake hawa duba tankin ruwa, maigadi kuma tun safe an aike shi bin layin mai da motar gidan Mai Girma. Haladu ya ce mu jira duhu. Na ce masa ɓarawo ne ke hawa ginin mutane da duhu, ni da rana zan hau, Allah yana gani kowa yana gani. Ya ce to, amma don girman Allah in hau shiru.

Na kama tsani, tukunya a ɗaure a bayana da rawani kamar goyo. Na sa ƙafa a matakin farko sai na tsaya. Ta yaya? Ni da na zo hukunta ido saboda ya hau ba sallama, in hau ba sallama? Daga can sama gidan Malam Ɗayyabu a buɗe yake, da na Haladun kansa, da na duk layinmu. Na cika ƙirji da iska.

"Salamu alaikum masu gida! Bilya ne zai hau sama, mata a kintsa!"

Haladu ya dafe kai ya tsuguna. Ya ce, "Malam, har da suna?"

Na ce to da sunan wa zan faɗa. Na ƙara maimaitawa ta gabas, na juya ta yamma, don kada wani gida ya ce bai ji ba. Ta ko'ina ka ji ana amsawa, ana jan kwanuka, ana kiran yara. Iya Indo, tsohuwar da ke bayan masallaci, ta ɗago murya ta katanga ta ce Allah ya sauko da ni lafiya, in na je in gaishe mata da shegen. Kafin in kai rabi, babu mai rai a Sabon Gari da bai san wane ne a kan benen hukuma ba, da kuma abin da ya goyo.

Da na isa sai na gan shi, ɗan mitsitsi, bai fi ƙoƙon shan fura ba, yana zaune a kan sandar ƙarfe yana kallon sama abinsa kamar bai yi komai ba. Na yi bisimilla na kifa masa tukunya. Ta zauna daram. Haladu ya san aikinsa.

Sai na ji ginin ya yi gurnani a ƙarƙashin ƙafata, irin ƙarar injin markaɗe daga nesa. Can kuma sai ihu ya tashi daga titi, ihun mutane masu yawa. Na ɗauka tankar mai ce ta iso. Na sauko da sauri gwargwadon abin da gwiwa ta yarda, muka zagaya gaba ni da Haladu.

Abin da ya faru shi ne, gini mai tunani ya yi tunani. Ido ya ga duhu, ya gaya wa kwamfuta rana ta faɗi. Kwamfuta ba ta yi musu ba, ta naɗe kowane labule na gidan har ƙarshe, ta kunna kowace fitila, da tsakar rana, rana tana tsakiyar ka. Gidan Sauƙaƙa wa Talaka ya koma kamar akwatin gilashin mai sayar da ƙwai da burodi, komai na ciki a fili. A tsallaken titi kuwa ga layin mai ya miƙe har ya sha kwana, mutane sun gaji da kallon ƙeyar juna, Allah ya kawo musu abin kallo kyauta.

A ƙasa, ɗakin da aka rubuta wa Sashen Sauraron Koke, babu kowa sai jarkoki a jere, cike, har bakin taga. Masu layi suka gane su nan take, don irinsu suke riƙe da su, bambancin kawai nasu babu komai a ciki. Ɗaki na gaba mutum biyu suna ludo. Na gaba da shi kujeru ne sababbi a cikin leda, ba a taɓa zama a kansu ba.

Amma sama, jama'a, sama. A babban ofis, inda ake babban taro a kan walwalar jama'a, ga Mai Girma kwance rub da ciki a kan kafet, babu riga babu hula, wanzami ya jera masa ƙaho a gadon baya tun daga wuya har kugu, reras, kamar an shuka. Gefensa ga farantin soyayyen kifi. Ya ɗago kai jin ihu, ya ga Wudil gaba ɗaya tana kallonsa. Ya miƙe zumbur da ƙahonin a jikinsa, ya ruga taga ya kama labule yana ja. Labule ya ƙi, don shi ba ya karɓar umarni sai daga ido, ido kuwa yana cikin tukunyar miya. Ya juya zai gudu, sai ya ba jama'a baya, wanda shi ne ainihin abin da suke son gani. Wanzamin, mutumin kirki mai kishin sana'arsa, yana biye da shi yana roƙonsa ya tsaya kada jini ya ɓata kafet.

Ni mutum ne da ba na son dariya a titi, zubar da girma ne, kuma na sha faɗa a wannan shafi nawa na jarida. Yau na zauna a bakin kwalbati na yi ta har hawaye. Haladu yana kwance a ƙasa yana dukan turɓaya. Wani direban tifa ya hau kan motarsa yana yi wa na baya bayani dalla-dalla. Wani dattijo daga Ɗankaza da ya kwana biyu yana neman ganin Mai Girma a kan maganar taki ya cire hula ya ce alhamdu lillahi, yau dai ya gan shi.

Ba a daɗe ba sai ga wata mata a kan babur ɗin haya, da jakar kwamfuta a kafaɗa. Injiniya Rejoice ce, malamar jami'a, 'yar Filato, ita ce ke kula da na'urar. Ba ta tsaya tambaya ba, ta zagaya baya ta kama tsani. Haladu ya ce mini ita ba za ta yi sallama ba? Na ce mace ce, babu laifi, amma da ta yi da ya fi. Jim kaɗan labulaye suka sauko, fitilu suka mutu, masu layi suka yi tsaki suka koma kallon ƙeyar juna. Ta sauko rungume da tukunya tana ta ƙoƙarin haɗe dariya, ta tambayi ko wane ne Bilya, don tun daga bakin titi mutane ke rige-rigen gaya mata.

Na ce ni ne, kuma ban yi nadama ba. Na gaya mata dalili, har da hijabin da ya ƙone da ƙullin kayan da ke bakin ƙofa. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ce tun kafin a dasa abin ta ba da shawara a tara maƙwabta a nuna musu, aka ce mata za a sa a cikin jawabin buɗewa, sai jawabin ya cika da godiya ga manyan baƙi. Ta ce, "Baba, ka ba ni izini in shiga wurin Mama."

Ta yi sallama ta shiga, na bi bayanta. Juwairiyya tana ɗaki a zaune kan ƙullin kayanta. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka kawo ruwa. Sannan Rejoice ta buɗe kwamfuta ta ce ga duk abin da idon ke gani, yanzu-yanzu, ba ragi. Wata da'ira ce shuɗiya kamar faifai, rana a gefe kamar gwaiduwar ƙwai, 'yan girgije suna tafiya a hankali. A can baki-baki ana ganin kan hasumiyar masallaci da saman wata bishiya. Shi ke nan. Ta ce fuskarsa sama take, a ɗaure da ƙusa, duk abin da ke ƙasa da rufin bai san da shi ba.

Juwairiyya ba ta cika yarda da magana ba, shi ya sa muka daɗe tare. Ta ce, "Malam, fita tsakar gida ka tsaya."

Na fita na tsaya. Ta ce in ɗaga hannu. Na ɗaga. Ta ce in kaɗa hula. Ta ce in ɗauki tabarma in yi ta fifita sama. Ta ce in hau turmi. Ni Bilya, da ake kira sasanta rigimar gado, ina kan turmi da tabarma a hannu ina juyi, su biyu suna ɗaki sun kafa wa kwamfuta ido, ina jin 'yar dariyarsu ƙasa-ƙasa. Na tabbata an daɗe da gamsuwa kafin a ce in sauko.

Da na dawo sai na tarar Rejoice tana nuna mata hotunan kwanakin baya. Ta ce akwai abin da ya daɗe yana ba ta mamaki: farkon dasa na'urar, kullum da safe sai wani ɗan girgije ya taso daga wannan kusurwa ya rufe idon, har fitilun ofishin Mai Girma su kama, alhali sararin sama tas yake. Kwanan nan kuma girgijen ya daina zuwa. Juwairiyya ta matso ta duba kusurwar, ta dubi inda murhunta yake. Ta ce ɗanyen itacen da Malam ke sayowa ne, ta sha gaya masa. Sai kuma ta tambaya a hankali, wato in ta hura wuta fitilar Mai Girma kamawa take yi? Rejoice ta ce in iska ta kaɗo ta nan, ƙwarai kuwa.

Ban taɓa ganin fuskar matar nan ta yi haske irin na lokacin ba. Ta tuɓe hijabi ta rataye a ƙofa, ta fita tsakar gida da ɗankwalinta, ta ɗaga kai ta dubi ƙwaryar gilashin ido cikin ido. Ta ce ashe bawan Allah ne mai kamun kai, ya fi wasu masu gemu. Ta ce in ɗebo itace, kuma in zaɓo ɗanye.

Ana cikin haka wayar Rejoice ta yi ƙara. Ta miƙe tsaye ta amsa, ba abin da take cewa sai to Yallaɓai, amma Yallaɓai. Na ji tana cewa laifin ba na na'ura ba ne, abin da aka koya mata ta yi. Na ji tana cewa tun da aka dasa ta man janaretan da gidan ke sha ya ragu sosai. Daga yadda muryar can ɓangaren ta ƙara tashi, na gane wannan ba ya cikin abubuwan da ake yaba wa na'urar da su. Ta kashe waya ta zauna a kan turmi. Umarni ya fito daga sama: a cire idon yau, kafin magariba. A sauke labulaye duka a bar su a sauke. Fitilu kuma a bar su a kunne, tunda ciki zai yi duhu.

Tun da nake ban taɓa ganin hukuma ta yanke shawara ta kuma zartar a yini guda ba. Na kai kuka a kan suturar matan unguwa guda, aka ce walwalar jama'a ba a yi mata gaggawa. Aka ga bayan mutum ɗaya, kafin la'asar an gama komai. Ina taya Mai Girma murnar gano darajar sutura, kuma ina roƙon Allah ya sa ƙahon ya yi amfani.

Gaskiya kuma sai an faɗe ta ko a kan ƙwaryar gilashi ce. A duk Gidan Sauƙaƙa wa Talaka, ita kaɗai ce ke fitowa aiki tun fitowar rana, ba ta zuwa ɗaurin aure ranar aiki, ba ta aika maigadi layin mai, abin da ta gani shi take faɗa. Ko yau da aka kifa mata tukunya ba ta yi ƙarya ba, duhu ta gani ta ce duhu. Ita aka kora. Yarinyar nan Rejoice ta hau ta kwance ta da hannunta, ta naɗe ta a tsumma ta sa a jaka, ta ce za ta kai wa ɗalibanta ko su sa amfana. Kafin ta hau, ba wanda ya ce ta yi, ta tsaya a gindin tsani ta ce salamu alaikum, za a hau sama.

Juwairiyya ta kwance kayanta. Ta aika wa yayanta cewa gobe ya biyo ya ci abinci kawai, ba tafiya. Yanzu haka da nake rubutun nan tana tsakar gida tana tuƙa tuwo, hayaƙi yana tashi yana wucewa ta kan rufin da babu kowa, ita kuwa ba ta yi mini magana sai da harara. Wai na sa an raba bawan Allah da aikinsa, kuma na hana ta ko sau ɗaya ta kunna wa Mai Girma fitila da saninta. Na karɓi laifin, tunda da miya ya zo.

Af, kafin in ajiye alƙalami. Maigadi ya dawo daga layi, ba mai, amma da labari. Wai an kafa kwamiti mai ƙarfi, kuma cikin makon nan zai tashi zuwa ƙasar waje don ya koyo yadda ake ɗaga labule da hannu, ko da wata rana za a bukata. Allah ya kai su lafiya. Da sun biyo ta gidana da na rage musu hanya, igiyar gefe ake ja.